TSUNTSUN MOZART DA 'YAN UWANSA: Tarihin Kukan Tsuntsaye A Kiɗan Turawa



Bahaushe bai cika cewa tsuntsu yana waƙa ba, kuka yake cewa. Ko kanarin nan da ake saye da tsada a rataye a keji saboda zaƙin muryarsa, in ya buɗe baki cewa ake yi yana kuka. Amma fa ya san kukan ba na banza ba ne, shi ya sa ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Su kuwa Turawa waƙa suke kiran abin a harsunansu, kuma sun ɗauki maganar da gaske, har ta kai makaɗansu sun shafe sama da shekara 700 suna fafutikar kamo wannan waƙar su zuba ta a takarda.

Kiɗan da muke magana a kansa shi ne wanda ake kira kilasik, wato kiɗan fada da coci da manyan zaurukan Turai, wanda mutum ɗaya zai zauna ya tsara shi da wasu alamomi a kan layuka biyar, sannan makaɗa, ko su 4 ne ko su 80, su ɗora takardar a gabansu su buga abin da ya rubuta ba ragi ba ƙari. Wannan rubutun shi ya sa muke iya bin sawun tarihin, domin kuwa abin da mutum ya ji a bakin tsuntsu shekara 300 da suka wuce yana nan a ajiye, sai dai a ɗauko a busa.

Tsuntsaye biyu ne suka fi kowa shiga wannan kiɗa. Na farko shi ne kukku (ba kukun kicin ba), ɗan uwan ragon maza na wajenmu, wanda kukansa gaɓa biyu ne kacal, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma jinsa a Turai alama ce ta cewa sanyi ya kau. Na biyu shi ne naitingel, wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa wanda in ka gan shi ba za ka sake kallonsa ba, amma in dare ya tsala sai ya dinga zubo murya kala-kala ba ya maimaita guda sau biyu a jere. Shi kukku ko yaro zai kwaikwaye shi. Naitingel kuwa shi ne ya wahalar da manya.

Tun a wajajen 1260 aka rubuta wata waƙar maraba da bazara a gidan ibadar Reading da ke Ingila, wadda ake rera ta da muryoyi shida suna bin juna, kuma kukku ake kira a cikinta. A wajajen 1528 aka buga waƙar tsuntsaye ta Clément Janequin a birnin Faris, inda mawaƙa huɗu ke barin kalmomi su koma ciri-ciri da baki kamar an shiga kurmi da asuba. Daga nan sai wani malamin coci Bajamushe mazaunin Rum, Athanasius Kircher, wanda a 1650 ya fitar da wani makeken littafi kan ilmin sauti, a ciki ya zana zakara da kaza da kukku da salwa, ya rubuta kukan kowanne da alamomin kiɗa, ya kuma ware wa naitingel layuka masu yawa. Har aku ya zana, yana gaisuwa da harshen Girka.

Sai dai wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wancan zamani ba tsuntsu kaɗai ke koyar da mutum ba, mutum ma yana tsare tsuntsu ya koya masa. A 1717 an buga wani ɗan littafi a Landan wanda ba komai a cikinsa sai gajerun kiɗe-kiɗe da aka tsara domin a dinga busa wa tsuntsayen keji da 'yar sarewa har su haddace, kowane irin tsuntsu da nasa darasin. A Faransa kuma aka ƙera wani ɗan akwati mai mariƙi, in ana juyawa yana fitar da kiɗa, aikinsa kawai koya wa kanari, matan masu kuɗi su zauna suna juyawa da yamma. Saboda haka in ka ji an ce Vivaldi ya sa goge yana kukan tsuntsaye a kiɗansa na yanayoyin shekara huɗu da aka buga a 1725, inda a ɓangaren zafi ya kawo kukku da kurciya, ko an ce Handel ya haɗa kukku da naitingel a kiɗan ogan a 1739, to ka sani tsuntsayen nan sun sha gyara kafin a shigo da su fada. An yi musu wanka, an ɗaura musu rawani, an hana su kuka sai a inda kiɗan ya ba su dama.

Wannan ya kawo mu kan labarin da na fi so a duk tarihin nan.

Mozart mutum ne da kuɗi ba sa zama a hannunsa, to a 1784 sai ya yi niyyar gyara hali, ya buɗe littafin rubuta abin da yake kashewa. A shafin ranar 27 ga Mayu na shekarar ya rubuta cewa ya sayi wani tsuntsu a birnin Biyana a kan kuroiza 34, ƙananan kuɗin Ostiriya na lokacin. Tsuntsun shi ne wanda Ingilishi ke kira sitalin, baƙi ne mai sheƙi da ɗige-ɗige, gwanin kwaikwayo kamar aku, duk abin da ya ji sai ya ɗauka, ko ƙarar ƙofa ce. A ƙarƙashin kuɗin sai Mozart ya zana layukan kiɗa ya rubuta abin da tsuntsun ya rera masa, ya ƙara da 'yan kalmomi na yabo cewa abin ya yi kyau. Abin da tsuntsun ya rera kuwa ba wani abu ba ne illa farkon ɓangaren ƙarshe na wani kiɗan piyano da Mozart ɗin da kansa ya kammala ranar 12 ga Afrilu, wato mako shida da 'yan kwanaki kafin nan, wanda ake lissafa shi na 17 a cikin irinsa.

Yaya aka yi tsuntsun kanti ya san kiɗan da bai gama shiga gari ba? Masana sun daɗe suna tattaunawa, amma bayanin da ya fi kama hankali shi ne Mozart ya sha leƙawa kantin yana yi masa fito, tsuntsun ya cafke. Abin da ya fi wannan daɗi shi ne tsuntsun bai rera daidai ba. Ya ja wata gaɓa ya tsaya a kanta inda maigidan bai ce a tsaya ba, sannan ya ɗaga wata ta haura inda aka ajiye ta da rabin mataki. Mozart bai gyara masa ba. Yadda ya ji haka ya rubuta, da kuskuren da komai, kuma wannan gurguwar rerawar ce ya yaba.

Shekara uku suka yi tare. Ranar 28 ga Mayu 1787 mahaifin Mozart, Leopold, ya rasu a Salzburg, ɗan bai samu zuwa jana'iza ba. Bayan mako guda, ranar 4 ga Yuni, sai tsuntsun ya mutu. Mozart ya binne shi a lambun gidansa, ya tara abokai suka yi masa rakiya, ya kuma rubuta masa 'yar waƙar ta'aziyya, rabi raha rabi alhini. Wasu marubuta sun ɗauki wannan a matsayin shaidar wautarsa, mutum bai je binne ubansa ba ya tsaya binne tsuntsu. Ni dai ban ga wauta ba. Tafiyar Biyana zuwa Salzburg a keken doki kwanaki ce, kafin wasiƙa ta iso ma an rufe tsohon, kuma duk wanda ya taɓa rashi ya san hawayen da ya ƙi zuwa ranar babbar mutuwa yakan ɓalle a kan ƙaramin abu. Kwana goma bayan haka ya sa hannu a wani kiɗa na barkwanci mai cike da kurakuran ganganci, gaɓoɓi na tsayawa inda bai kamata ba, ƙarshe kowa ya kama gabansa. A 1990 wasu masana halayyar tsuntsaye biyu a Amurka, Meredith West da Andrew King, waɗanda suka yi kiwon irin wannan tsuntsu a gidansu, suka ce su dai salon sitalin suke ji a wannan kiɗan. Hasashe ne, amma na waɗanda suka zauna da tsuntsun.

Na Beethoven ya fi nauyi. Ranar 22 ga Disamba 1808, a wani zaure mai tsananin sanyi a Biyana, aka yi zaman kiɗa na kusan awa huɗu inda aka fara jin simfoninsa na 5 da na 6 a dare ɗaya. Na shidan kan rayuwar karkara ne, kuma ɓangarensa na biyu zama ne a bakin rafi. Dab da ƙarshensa sai duk makaɗa su yi tsit, sarewa ta ɗauki kukan naitingel, obo (ƙanwar algaita ce a wajen sauti) ta shigo da na salwa, kilarinet biyu su amsa da na kukku. Don kada a yi musu, Beethoven ya rubuta sunan kowane tsuntsu a jikin takardar. Amma kuma shi da kansa ya gargaɗi masu sauraro cewa abin da ke zuciya yake nufin fitarwa, ba zanen hoto ba.

Mai karatu ya tuna cewa mutumin nan kurumta ta riga ta kama shi. Tun a 1802 ya rubuta wa 'yan uwansa wasiƙar nan daga ƙauyen Heiligenstadt, wadda bai aika ba sai bayan rasuwarsa aka gan ta, yana ba da labarin irin ƙasƙancin da yake ji in na kusa da shi ya jiyo sarewa daga nesa ko waƙar makiyayi, shi kuwa bai ji komai ba. Sauti mai kaifi shi ya fara ɓace masa, kukan tsuntsu kuwa can yake a sama. Saboda haka da wuya a ce duk abin da ya rubuta a 1808 daga kunne ya fito, akwai na tuni a ciki. Wannan bai hana na baya yi masa ba'a ba, Debussy na Faransa ya kwatanta tsuntsayen da na katako irin na agogon bango. Akwai kuma labarin da sakatarensa Schindler ya bayar cewa Beethoven ya kai shi har gindin bishiyar da tsuntsaye suka taya shi tsara kiɗan, amma tun da aka gano Schindler ya yi cushe a littattafan hirar maigidansa, masana tarihi ba sa sayen maganarsa sai da shaida.

Zuwan na'urar ɗaukar murya ya canza lissafin gaba ɗaya. A 1889 wani yaro ɗan shekara 8 a Frankfurt, Ludwig Koch, ya ɗauki kukan wani tsuntsun Indiya da ke keji a gidansu da na'urar Edison da mahaifinsa ya kawo masa tsaraba, kuma wannan ne ɗaukar kukan tsuntsu mafi tsufa da aka sani. Yanzu tunda ga tsuntsun da kansa a faifai, me ya rage wa sarewa?

Shekarar 1924 ta ba da amsa iri biyu. A Rum, ranar 14 ga Disamba, Respighi ya gabatar da kiɗansa kan itatuwan birnin, a ƙarshen ɓangare na uku ya ce a kunna garmaho a sa faifan naitingel na gaske, gogaye na bi a hankali a ƙarƙashinsa. Wasu suka ga abin a matsayin ha'inci. A Ingila kuwa, wata bakwai kafin nan, ranar 19 ga Mayu, wata gwanar babban gogen nan da ake kira celo, Beatrice Harrison, ta shawo kan BBC suka ja wayoyi zuwa lambun gidanta a Oxted, domin ta lura in tana gwaji da dare naitingel na amsa mata. Aka watsa kai tsaye, wasiƙu suka yi ta kwarara dubbai, abin ya zama al'adar kowace shekara. Ranar 19 ga Mayu 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ma'aikata sun kafa na'ura a lambun sai suka jiyo rugugin jiragen yaƙin Ingila sun nufi Mannheim ta Jamus. Nan take aka fasa watsawa don kada abokan gaba su ji su shirya, amma faifan ya ci gaba da ɗauka, yana nan har yau: jirage na wucewa da bama-bamai, tsuntsun bai fasa ba. A 2022 magana ta taso cewa a daren farko na 1924 tsuntsun ya tsorata ya ƙi kuka, wata mata mai sana'ar fito ce aka ɓoye ta yi a madadinsa. Wasu masu bincike sun musanta, ana nan ana ja.

Duk waɗannan da muka ambata baƙunta tsuntsu suka yi na 'yan mintoci. Wanda ya tare a gidan tsuntsaye ɗungurungum shi ne Olivier Messiaen, Bafaranshe, an haife shi a 1908 ya rasu a 1992, ya kuma shafe kusan shekara 60 yana kaɗa ogan a coci guda a Faris. Jamusawa sun kama shi a 1940 suka kai shi sansanin fursunonin yaƙi na Görlitz. A can yana tare da mai goge da mai celo da mai kilarinet, wani mai gadi Bajamushe ya samo masa takarda da fensir, ya tsara kiɗa na mutum huɗu kan ƙarshen zamani, aka buga shi ranar 15 ga Janairu 1941 a gaban fursunoni da masu tsaronsu cikin sanyin hunturu. Kiɗan yana buɗewa ne da tsuntsaye biyu na asuba, kilarinet da goge. Daga baya Messiaen yakan ce mutum 5,000 suka saurara kuma celon tsirkiya uku gare shi, amma shi mai celon, Étienne Pasquier, ya ce tsirkiyarsa huɗu cif, ɗakin kuma 'yan ɗaruruwa yake ci. Ko manya ma sukan ƙara gishiri.

Daga 1952, bayan ya zauna da wani masanin tsuntsaye mai suna Jacques Delamain ya koyi bambance su, sai abin ya zama masa aikin rayuwa. Yakan fita tun kafin asuba da takarda da fensir, ya tsaya a dawa yana rubuta abin da yake ji kamar mai ɗaukar shifta, matarsa Yvonne Loriod, gwanar piyano, tana biye da rikoda. Tsakanin 1956 da 1958 ya tsara kundin tsuntsaye na piyano, kashi 13, mai ɗauke da kukan tsuntsaye iri 77 na Faransa, wanda bugawarsa ke cin fiye da awa biyu da rabi. Ya bi su har Japan a 1962, da duwatsun Utah na Amurka a 1972, da tsibirin Sabuwar Kaledoniya a 1975. A wajensa, a matsayinsa na Kirista mai riƙo, tsuntsaye bayin Allah ne da aka ba su kiɗa tun kafin ɗan Adam.

To amma shi ma bai ɓoye cewa fassara yake yi ba. Tsuntsu ba da maƙogwaro irin namu yake kuka ba, abin kukansa yana can ƙasa inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kuma da yawansu suna iya sarrafa kowane ɓangare daban, su fitar da murya biyu a lokaci guda. Ga sauri wanda yatsa ba zai bi ba, ga tsayin murya da ya wuce ƙarshen piyano, ga kuma 'yan ƙananan matakai da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, alhali piyano matakai 12 kawai ya sani kafin ya sake zagayowa. Dole Messiaen ya rage saurin, ya sauko da muryar ƙasa, ya buɗa ƙananan matakan su kai girman na piyano, sannan ya buɗa manyan su ma don kada siffar ta lalace. Abin da ya fito wani lokaci masanin tsuntsu na gane shi, wani lokaci kuwa sai an faɗa masa. Jama'a ma ba kullum suke haƙuri ba. A 1962 a Faris an yi masa ihu a zaure saboda wani ɓangare da gogaye 18 ke kuka lokaci ɗaya, kowanne da tsuntsunsa, babu mai jiran wani. A ganina a nan ne ya fi kusa da gaskiya, domin duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadama ya san haka asuba take.

Ko tsuntsu kiɗa yake yi da gaske? Masana kimiyya sun tabbatar da abu guda, cewa da yawansu koyo suke yi ba gado kawai ba. William Thorpe na Jami'ar Kambirij ya nuna a shekarun 1950 cewa ɗan tsuntsun da aka raba da manyansa tun yana ƙarami kukansa ba ya nuna, kuma an gano tsuntsaye iri ɗaya suna da karin harshe daga yanki zuwa yanki. Ashe da aka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ba a yi ƙarya ba. Batun ko suna bin matakan kiɗan mutane kuwa, wani bincike na 2012 kan wani tsuntsun Amurka ta Tsakiya ya ce a'a, wani na 2014 kan wani na Amurka ta Arewa ya ce shi wannan yana bi.

Saura abu guda da ya shafe mu kai tsaye. Tsuntsayen nan na Vivaldi da Beethoven ba 'yan Turai ba ne zalla, 'yan ci-rani ne. Kukku da naitingel da kurciyar Turai watanni kaɗan suke yi a can su yi ƙwai su ƙyanƙyashe, sanyi na gabatowa su tsallako Sahara, salwa ma da yawanta haka take yi. Wani naitingel da aka ɗaura wa 'yar na'ura a Ingila a 2009 an gano a ƙasar Gini ya yi hunturu. Tun 2011 masana a Ingila suke bin kukku da tauraron ɗan Adam, suka ga yadda wasu ke yada zango a Chadi da Nijeriya kafin su gangara dazukan Kwango, in za su koma kuma su bi ta Afirka ta Yamma. Wata kurciya da aka sa wa na'ura a 2014 a Mali ta yi zamanta. Shi kukku in ya zo nan bakinsa a rufe yake, sai ya koma can yake kuka, shi ya sa manomin da ya gan shi a kan gawo ba zai san da wa yake tare ba.

Turawa sun fara gane wannan alaƙa da kyau ne a 1969, lokacin da wani ɗan tsuntsu mai farin wuya da suka saba gani ko'ina ya dawo musu 'yan ƙalilan, da aka bincika sai aka tarar farin da ya fara kama yankin Sahel ne ya cinye su a hanya, farin nan da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yau naitingel ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a Ingila, kurciyar Turai kuma ragin nata ya fi haka. Dalilan sun haɗa da sauyin noma da share kurmi a can Turai, da harbi a kan hanya a ƙasashen bakin Bahar Rum, da kuma sare itatuwa da bushewar fadamu a nan inda suke sauka, irin su dausayin Haɗeja da Nguru, wanda madatsun ruwan Tiga da Challawa suka rage masa ambaliyar da yake samu duk shekara.